Leɓe ko Maƙogwaro

Arnol, Tsibirin Lewis
6 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Finlay,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka lafiya kai da babanka. Yaya gajiyar hanya? Yaya ƙafarsa ta hagu, ba ta kumbura a jirgi ba? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matarka Shona tana nan garau, cikin ya yi nauyi, ta ce in faɗa maka ɗan yana shuri fiye da waɗanda ka tafi kallo. Gwaggonka Murdina tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta sake faɗawa rami, mun ciro ta. Kare ya ƙi cin abinci tun da babanka ya tafi, yana kwance a ƙofar ɗakin saƙa. Ni ma lafiyata lau, barci ne kawai ya gagara, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san sai da furfura ta fito min na shiga ajin yamma, har yanzu baƙaƙena jingina suke yi da juna kamar masu dawowa daga biki. Na san akwai waya, amma da na ji muryarka sai in manta abin da zan faɗa, in ɓuge da tambayar ko ka ci abinci.

Maganar takardar nan ce mai hotuna ta kamfanin tafiye-tafiye, wadda ka bari a kan tebur. Ranar da ka kawo ta, da ka ce Shona ba za ta iya tafiya ba kuma tikitinta zai tafi a banza, manyan baƙaƙen kawai na karanta. Sun ce wasannin ƙasarmu a gasar kofin duniya, da ziyarar gonakin inabi a yankin Bordo. Na ce wannan ai alheri ne. Babanka, mutumin da bai taɓa wuce Glasgow ba, ya je ya ga yadda wasu suke noma. Ni na matsa masa. Ni na fito da bujen gargajiyarsa, irin wanda mazanmu suke ɗaurawa ranar biki, daga akwati na goge, na matsar da maɓallin saboda tumbi. Har na ce ya taho min da inabin ko kilo ɗaya ne, in ba zai lalace a hanya ba. Kai kuwa kana tsaye kana jina, ba ka gyara min ba.

Jiya da na gama wanke-wanke na sa tabarau na bi ƙananan baƙaƙen da yatsa. Finlay, ashe ba inabin ci ba ne. Giya ce. Gidajen da ake matse ta ne ake ɗura ta a ganga, a kai ku har ƙarƙashin ƙasa inda take kwance, a zuba muku ku ɗanɗana. Kuma ɗakin da kuka kama a cikin gonar yake. Wato da hannuna na ɗauki kura na kai ta mahauta, har da goge mata riga.

Shekara goma sha tara ke nan babanka bai sa ta a baki ba. In muka je kasuwa Stornowe, tsallaka titi yake yi don kada ya bi ta ƙofar mashaya. Yanzu ga shi zai kwana ya tashi a kanta. Don haka ga abin da nake so ka yi. Duk inda aka kai ku, ka zaunar da shi kusa da ƙofa. In an kawo kofuna, ka yi saurin cewa a ba shi shayi, ai ko a Faransa ba za a rasa shayi ba. In za a sauka wurin gangunan nan, ka ce ƙafarsa tana ciwo, ku tsaya a sama ku kalli tarakta. Yana son tarakta. Kada ka bar shi da yaran nan na Glasgow da kuka shiga bas ɗaya, na ga idonsu a tasha.

Kada ka nuna masa wannan wasiƙa, zai ce ban yarda da shi ba. Ka sa masa hula, ka san yadda rana take yi da sanƙonsa. Ka rubuto min da wuri.

Taka mahaifiya mai ƙaunarka,
Dolina

*

Arnol
13 ga Yuni

Finlay,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Ban ce kuna lafiya ba, don ban san halin da ɗayan yake ciki ba. Shona lafiya. Kare ya fara cin abinci. Ni ce na daina.

Mun kalli wasanmu da Brazil a gidan gwaggonka, tunda talabijin ɗinta ya fi girma. Ni ban ga ƙwallo ba, ku nake nema a cikin jama'a. To duk wanda aka nuno mai buje da jar fuska sai in ce ga shi nan, Murdina ta ce ba shi ba ne. Da wani ɗan wasanmu ya jefa ƙwallo a ragarmu da kansa, Iver mai kai wasiƙa ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce, “Mu kaɗai ne za mu haye teku mu je mu taya Brazil aiki.” An yi dariya, har da ni, don lokacin ban san abin da ke tafe ba.

Jiya da safe Iver ya tsaya a ƙofata riƙe da hula a ƙirji, kamar wanda ya kawo labarin mutuwa. Ya ce, “Dolina, ki zauna tukuna.” Na ce, “Wa ya rasu?” Ya ce, “Ba wanda ya rasu. Kati ne daga mijinki Tormod. Ni dai ban karanta ba, idona ne ya faɗa a kai.” Idon Iver ya daɗe yana faɗawa a kan katunan mutane, kuma kafin ya iso gidana ya biya ta gida bakwai.

Ga abin da babanka ya rubuta, na kwafe maka shi baƙi da baƙi: “Rana da zafi. Abinci ba laifi. Jiya na ɗanɗana iri goma sha huɗu, duk na tofar. A gaida kare.”

Finlay, ina kake lokacin da ake iri goma sha huɗu? Ina shayin? Ina taraktar? Kuma a ina ya tofar? A tsakar ɗakin mutane? Mutumin da in yaro ya yi tofi a bakin coci sai ya murɗe masa kunne? In an zuba wa mutum abu a kofi ya tofar, to ko dai abin ne ya lalace ko mutumin. Ka faɗa min gaskiya, amai yake yi ya sakaya min?

Ko shayin da na ba Iver bai huce ba sai ga gwaggonka, gwiwar ta warke. Tun daga ƙofa ta ce, “Shi ke nan, ɗan'uwana ya karya rantsuwa. Dama na faɗa, ƙasar da ake shan giya da abincin rana kamar ruwa?” Na ce, “Ai ya ce ya tofar.” Ta ce, “Ya tofar bayan ta shiga ina? Aljihu? Cewa ya yi ba za ta sake taɓa leɓensa ba, ina wurin.” Na ce, “Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi ba za ta sake wuce maƙogwaronsa ba.” Ta ce leɓe. Na ce maƙogwaro. Iver yana zaune yana bin mu da ido, yana tsoma biskit a shayi.

Kai ba ka san yadda aka yi rantsuwar ba, don kana kwance a asibiti. Ka san ka yi ciwon haƙarƙari kana ɗan shekara tara, amma ba mu taɓa faɗa maka mafarinsa ba. Babanka ne ya tafi da kai Stornowe kai ulun da ya saƙa. Aka biya shi, ya ce ka jira shi a mota minti biyar. Tsakiyar hunturu. Ya shiga mashaya ya manta da kai tun azahar har aka rufe. Kai kuma da biyayya, ba ka fito ba. Washegari ya dawo daga asibitin, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya ajiye a teburin kicin ɗin nan da nake rubutu a kai, ya rantse. Mu uku ne shaidu, ni da Murdina da tsohon fasto. Faston ya rasu, saura mu biyu, kuma ka ga yadda muka kwashe.

Ni na tuna maƙogwaro ne, don ina ganin hannunsa a wuyansa lokacin da yake faɗa. Amma kada ka ɗauka hakan ya kwantar min da hankali. Na tsaya gaban madubi na auna, tsakanin leɓe da maƙogwaro bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ɓarawon da ya shigo tsakar gida ai ba a cewa bai san hanyar ɗaki ba.

Yanzu ƙauyen ya rabu biyu. Masu saƙa sun ce maƙogwaro, matan ƙungiyar addu'a sun ce leɓe, alhali ba ko ɗayansu da yake wurin. Kuma ka san babanka ne yake ja mana waƙar Zabura ranar Lahadi. An ce dattawan coci sun fara tambayar ko bakin da aka kurkure da giyar Faransa ya dace ya ja Zabura. Wannan bai dame ni sosai ba. Su karɓe Zaburar. Ni dai kada a dawo min da mutumin da na sani a da.

Ka ba ni amsa, kuma a cikin ambulan, ka manne shi da kyau.

Mahaifiyarka,
Dolina

*

Arnol
19 ga Yuni

Ɗana Finlay,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na gode da ka manne ta, Iver ya miƙo min ita kamar an yi masa laifi. Shona lafiya, likita ya ce sai watan Agusta. Kare lafiya. Ni da gwaggonka mun tashi da ciwon kai, zan zo kan wannan.

To na fahimci bayaninka, ko da yake ban ce ya shiga kaina ba. Wato al'adarsu ce. Mutum ya shekara yana noma, ya tsinka, ya matse, ya ɓoye a rami shekara da shekaru, sannan ya tara baƙi ya ajiye musu bokitin azurfa su tofar masa da ita a gabansa, shi kuma yana murna. Da ni ce na toya burodi wani ya tauna ya tofar, da ya gane kurensa. Na ji daɗi dai da ba a ƙasa yake yi ba.

Ka ce cikin ku duka 'yan bas ɗin babanka ne kaɗai yake amfani da bokitin, sauran sun ce ba a haifi ɗan Scotland da zai biya kuɗin abu ya zubar ba. Ka ce mai gonar, Musye Peru ko yaya ake rubuta shi, yana tambayarsa ƙanshin me ya ji, shi kuma ya ce wannan rigar ulu ce da ruwa ya doka, wannan maganin tsutsar tumaki, mutumin yana ta dariya don ba ya jin abin da ake faɗa. Wannan kam babanka ne. Amma akwai layin da ka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa, kuma yanzu na koyi darasi, ƙananan nake fara karantawa. Bayan kunnen doki da Norway, babanka ne ya saɓo ka a kafaɗa ya hau da kai bene? Kai da na aika gadi? Mutum mai ciwon ƙafa? Za mu yi wannan maganar in ka dawo, kuma ban faɗa wa Shona ba tukuna. Ka lura da kalmar tukuna.

Yanzu ga abin da ya faru jiya, kuma in ka yi dariya Allah yana ganinka.

Gwaggonka ta zo da hantsi muka dasa daga inda muka tsaya. Ta ce ko da maƙogwaro ne ya faɗa, ba yadda za a yi mutum ya cika baki da abu ya juya shi ya tofar ba tare da ɗigo ya gangara ba. Na ce zai yiwu. Ta ce ba zai yiwu ba. Na ce gani ya kori ji. Sai ta duba taga, ta ce akwai wata kwalbar jar giya da ta rage tun bikin 'yarta, ta ajiye ta don kek ɗin Kirsimeti. Ta je ta ɗauko ta a cikin jakar saƙa. Ni da ita ba wadda ta taɓa sa giya a baki tun da aka haife mu.

Muka rufe labule, na ajiye daron wanke-wanke a tsakiyar tebur, muka zuba a kofunan shayi. Na farko da na kurɓa na tofar nan take, don ɗaci kamar an jiƙa tsohon takalmi. Murdina ta ce wannan ba gwaji ba ne, ai ka rubuta cewa sai an juya ta a baki an ja iska. Muka sake. Da na ja iskar sai ta sarƙe ni, rabi ya tafi. Murdina ta ce, “Kin gani!” Na ce wannan kuskure ne, a sake. Ta ce ita ma nata bai fito duka ba, a sake. A karo na huɗu ɗacin ya fara raguwa. A na shida Murdina ta ce ita fa tana jin ƙanshin wani abu kamar 'ya'yan itace, kuma ta ce tun ranar da aka kawo ni gidan nan ta san ni mutuniyar kirki ce, faɗa ne kawai ba ta yi ba. Muka rungumi juna.

Mun cika baki ke nan a karo na ban san nawa ba, sai aka ƙwanƙwasa aka turo ƙofa. Fasto Makolay. Ya zo ne ya ji daga bakin shaidu ainihin kalmar da babanka ya faɗa.

Finlay, ka tsaya a matsayina. Ga fasto a ƙofa yana cewa salama a gare ku. Ga bakina cike. Ko in tofar a gabansa a daro, ko in haɗiye. Na haɗiye. Na ji ta tana sauka da ɗumi har yatsun ƙafata. Na ce, “Sannu da zuwa, Fasto,” da wata murya da ba tawa ba.

Gwaggonka kuwa taurin kai ya hana ta. Ta kame bakinta, kumatu kamar mai busa algaita, ta gyaɗa masa kai kawai. Ya dubi kwalba, ya dubi daro, ya dubi labule. Ya ce, “Na ga alama Murdina tana fama da haƙori. Bari mu yi addu'a.” Ka san addu'ar Fasto Makolay. Ya fara daga Nuhu da gonar inabinsa. Ya biyo ta kan Lutu. Ya yi wa masu mulki addu'a, da masunta, da waɗanda suke ƙasashen waje cikin jaraba, da waɗanda jaraba ta iske har gida. Na buɗe ido ɗaya na ga Murdina ta yi jawur, hawaye yana zuba, tana riƙe da gefen tebur. Da ya ce amin, aka yi tsit, sai muka ji ƙut. Har kare ya ɗaga kai.

Fasto ya ɗauki hularsa ya ce zai dawo wani lokaci in haƙorin ya lafa. Bai tambayi kalmar ba.

Da na farka daga barcin da ya kwashe ni a kujera, na zauna ina tunani. Ni da ban taɓa sonta ba, ni da na tsane ta fiye da komai a duniya, kofi shida kawai ta sha kaina. Babanka kuma da ya so ta har ya manta da ɗansa a mota, ya riƙe ta a baki sau goma sha huɗu ya zubar. Ban san ko in ji tsoro ko in ji wani abu dabam ba. Abin da na kasa ganewa shi ne me ya kai shi sa ta a baki. Wa ya aike shi? Ka tambaye shi, amma da dabara.

Na gode Allah da gwajin nan a kicin aka yi shi ba a kan kati ba.

Taka,
Mama

*

Arnol
30 ga Yuni

Zuwa ga mijina Tormod,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da yaron. Yaya ƙafa, yaya zafin rana? Nan kowa lafiya. Shona lafiya. Karenka lafiya, na isar masa da gaisuwarka. Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta maka, don da ban iya ba, da na iya kuma ba ka taɓa yin nisan da za a rubuta maka ba.

Sannunku da haƙurin Maroko. Uku ba ko ɗaya. Iver ya ce ko gidan waya ba ya mayar da kaya da sauri haka. Ban san me ya sa ɗanka ya kama ɗaki har zuwa wasan ƙarshe ba, sai ka ce bai san ƙasar da ta haife shi ba.

Na ce wa Finlay kada ya nuna maka wasiƙuna, ashe duka ya ba ka, har da ta daro. Ya rubuto cewa ka yi dariya sai da mai gonar ya kawo maka ruwa. Ba komai. Ranarka ce.

Taka wasiƙar ta iso jiya. Shafi biyu, daga mutumin da ya saba da layi huɗu. Na karanta ta sau uku, ba don ta yi min wuya ba. Ka ce ka gaji da tsallaka titi. Ka ce shekara goma sha tara kana gudunta, har ba ka san ko kai ne ka bar ta ko ɓuya kawai kake yi ba, kuma kana so ka sani kafin a miƙo maka jika a hannu. Ka ce ranar farko sai da ka zubar da rabin kofi a buje, kuma a kofi na uku ka ji ta tana kiran sunanka, ka tofar ka fita waje ka zauna a kan dutse. Da ka faɗa min haka tun a gida da na ɓoye fasfo ɗinka, don haka gara da ba ka faɗa ba.

Na so ka raba mana gardama, sai ka ce kai ma ba ka tuna ko leɓe ka ce ko maƙogwaro ba, fuskar yaron a gadon asibiti kawai kake tunawa. Na karanta wa Murdina wannan wurin. Sai ta ce iska ta jefa mata wani abu a ido. A cikin kicin.

Maganar Zabura kuwa ta mutu. Fasto ya shaida wa dattawa cewa ya bincika bai sami inda Littafi ya yi magana a kan irin wannan tofi ba, kuma a ganinsa akwai waɗanda suka fi ka buƙatar addu'a a danginku. Bai faɗi suna ba. Ranar Lahadi dai ya yi wa'azi a kan masu rufe labule da rana, ni da ƙanwarka muna kallon takalmanmu.

Sai tambayarka. Ka ce mai gonar ya ba ka kwalba ɗaya kyauta, wadda ta fi kowace tsufa, ka kasa ƙi don kunya, kuma ni zan faɗa ko ka taho da ita ko ka bar ta. Ka bar ta, Tormod. Ka ba yaran Glasgow, ko ka mayar masa ka ce matarka ce ta hana. Ba don kai ba. Kai na yarda da maƙogwaronka. Na ƙanwarka ne abin tsoro, don sau biyu ke nan tana zuwa tana cewa ita fa gwajin nan bai gamsar da ita ba, ya kamata a maimaita. Ni ma, in faɗa maka gaskiya, ban ce mata a'a da saurin da ya kamata ba.

Kada kuma ka sake. Ka je ka gani, ka sani, ya isa. Wanda ya shafa kan zaki ya dawo da hannunsa ba ya komawa ƙirga masa haƙora.

Ka rubuto kafin Alhamis tara ga watan gobe, ranar askin tumaki, don daga ranar ba zan sami zama ba. Ka faɗa min jirgin fiton da za ku biyo, zan zo bakin ruwa in tarye ku. Ka san duk dawowarka daga gari nakan matso kusa in gyara maka wuyan riga, ka kuma san abin da hancina yake yi a lokacin, ba ka taɓa cewa komai ba. Wannan karon ka gyara abinka tun a jirgi, don ni hannunka kawai zan riƙe.

Ko a kati ne ka rubuto. Iver ya karanta.

Matarka,
Dolina